Promaya a Hawa na Huɗu

"Mama, Anti Silke ta ce wai babu wata promaya. Ke nan ƙarya Nana take yi?"

Esma ce ta jefo tambayar, 'yar shekara biyar, baki dumu-dumu da ruwan sukarin baklava, kuma ba ta tashi jefo ta ba sai da falo ya cika maƙil da 'yan barka. Cokula suka tsaya cak. Amija Refik, ƙanin marigayi kakanta, ya riga ya kai kofin gahawa baki, sai ya mayar da shi kan faranti bai kurɓa ba. Ilhana kuwa ta so a ce ƙasa ta tsage ta shige, ita da jaririn da ke ƙirjinta, sai dai a hawa na huɗu suke, ko ta tsage falon maƙwabta za ta faɗa.

"Esma, zo in goge miki baki."

"Amma Mama, ita ce ta ce..."

"Na ce zo nan."

Nana Fikreta, uwar mijin Ilhana, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta juya a hankali ta dubi ɗaya surukar tata. Silke Bajamushiya ce. Senad, babban ɗan Nana, shi ya aure ta a can inda yake aiki, kuma duk watan Agusta sukan zo garinsu Zenica hutu da mota cike da cakulan da garin sabulun wanki.

Silke ta yi ja har kunne. "Mama, ni ban ce ƙarya ba. Cewa na yi ban taɓa ganinta ba."

"Ranki fa, 'yar nan? Kin taɓa ganinsa?" in ji Tetka Hasiba, yayar Nana, tana fifita da murfin kwalin alewa.

"Wutar lantarki fa?" in ji Amija Refik. "Je ki sa yatsa a soket, ki dawo ki ba mu labari."

Falo ya ɗauki dariya, daga nan aka shiga ba da shaida, kowa na katse kowa. Tetka Hasiba ta san wani direban bas da ya yi tuƙi da tagogi biyu a buɗe, ya wayi gari bakinsa ya koma wajen kunne, har yau in zai sha miya sai ya karkata kai. Zlata maƙwabciya ta ce ƙodar mijinta ta hagu promaya ce ta ci ta. Amija Refik ya buɗe baki ya nuna gurbin haƙora biyu, ya ce ɗaya a jirgin ƙasa ya bar shi, ɗaya a ofishin fansho, duk aikinta ne. Ai abin ba ɓoyayye ba ne. Ka buɗe taga a nan, ka bar ƙofa a buɗe a can, sai ta ratso tsakani, ba launi ba wari, ta shafi wuyanka ta wuce, kai kuma ka kwana kana kiran uwarka. Iskar waje ba ruwanta da kowa, ko guguwa ce. Wadda ta shiga ta nan ta fita ta can, ita ce mugunyar.

"A wajenmu fa safe da yamma muke wangale komai," in ji Silke. "Har a yarjejeniyar haya ana rubutawa. Senad, gaya musu mana."

Senad, wanda a Jamus da taga a buɗe yake kwana, ya sunkuyar da kai yana nazarin pitar da ke farantinsa kamar yau ya fara ganin nama a cikin ƙullu. Tun da ya tsallako iyaka wuyansa ya fara tuna gida.

Ilhana ba ta sa baki ba, don ita ba ta wasa da wannan magana. Tana 'yar makaranta ta taɓa shiga bas da jiƙaƙƙen gashi, ta yi mako kunnenta na harbawa kamar ana buga ƙusa. Ga shi jaririnta Tarik ko arba'in bai yi ba. Tun da aka dawo da shi daga asibiti ta kafa doka a gidan: huda ɗaya tak ake bari. In tagar kicin na buɗe, ƙofar gida na rufe. In an danna ƙararrawa, mijinta Mirnes zai yi ihu, "Taga!" a rufe taga, sannan ya buɗe wa baƙo, ya tura shi ciki, ya rufe, ya yi ihu, "Saki!" a sake buɗe taga. Dokar ta yi aiki lafiya lau muddin su kaɗai ne. Yau kuwa dangi sun haɗa baki sun zo barka rana ɗaya, don a yi a gaban mutanen Jamus. Ƙararrawa ba ta huta ba, Mirnes ya yi ihu har muryarsa ta dushe, rigarsa ta manne masa a baya. Can wajen azahar Nana ta gaji da hayaniyar, ta je ta rufe tagar da kanta, ta murɗa mariƙi, ta ce a bar ta haka har baƙi su watse.

Rana kuwa ta buɗe wuta a kan garin. Kwalta na narkewa a titi, su kuma ga murhu ya yini yana gasa pita, ga mutane kafaɗa da kafaɗa, kowa na fitar da nasa tururin. Akwai iyakwandishan a bangon falo, Senad ne ya sayo bara. Nana ta yi masa kyakkyawar riga ta saƙa mai furanni, ta ɗora masa hoton Esma, rimot ɗin kuma ta kulle a kabad tare da kofunan da ba a shan komai da su. A cewarta wannan promaya ce da aka saya da kuɗi.

Zafin ya fara taɓa mutane ta wata hanya. Abin da bai kai a yi murmushi ba sai a kwashe da dariya har da hawaye. Girar da Tetka Hasiba ta zana da safe ta narke ta gangaro, ɗaya ta riga ɗaya, sai ta koma kamar mai tambayar da ba a amsa mata ba. Zlata ta dube ta ta fashe, Tetka ta tambayi me ake wa dariya, aka ƙara fashewa. Baklava ta saki jiki tana iyo a tire. Amija Refik ya soma waƙar samartakarsa, ya manta baiti na biyu, ya koma na farko.

Ilhana ma ta yi dariyar, kanta na ɗan juyawa kamar ta hau lilo. Sai ta lura Tarik ya yi shiru.

Ba shirun barci ba. Tun ɗazu yake ƙananan kuka, yanzu kukan ya koma wani siririn ƙorafi, kamar ɗan kyanwa a bayan ƙofa. Ta juya wa mutane baya ta ba shi nono. Ya kama, ya saki, ya kawar da kai. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Fuskarsa ta yi jajir. Ta zura yatsu biyu ta bayan wuyansa, ƙarƙashin hula, ta ji wurin jiƙe sharkaf, da zafi kamar burodin da aka fitar yanzu.

Dariyar ta ɗauke mata. Ta dubi abin da ke jikinsa: singileti, riga, wata rigar mai ƙafafu, safa ta ulu da Tetka ta saƙa, hula, sannan bargon da Zlata ta kawo yau, wanda dole a lulluɓa masa don mai kyauta ta gani. Ta zame bargon. Ta cire hular.

Kafin ta ajiye ta, hannun Nana ya iso.

"Haba 'yata, kansa a buɗe? Maɗigarsa ko haɗewa ba ta yi ba." Hula ta koma.

"Mama, ku taɓa wuyansa ku ji. Ya jiƙe."

"To ai shi ya sa. Yaro da gumi a jiki, ki tuɓe shi, iska ta same shi? Haka na raini Senad da Mirnes, ga su nan kamar shanu."

"Mun gode, Mama," in ji Mirnes daga bakin ƙofa.

"Ya ƙi nono fa."

"Zai karɓa. Mutane ne suka yi masa yawa."

Ilhana ta shiga lissafi, irin lissafin da uwa ke yi cikin ƙiftawar ido. Waje dai ba zai fita ba, bai yi arba'in ba, in ta doshi matakala da shi Nana za ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai a tsallake gawarta. Taga ɗaya ba za ta yi komai ba, wannan zafin ya riga ya zauna ya miƙe ƙafa, ba abin da zai fitar da shi sai an buɗe gaba da baya. Buɗe gaba da baya kuwa, da jariri a gida, ita kanta ba za ta yarda ba ko da wuƙa a wuya. Ta sake duban Tarik. Idanunsa rabi a rufe, ɗan bakinsa a bushe.

Sai ta tuna banɗaki. Ba shi da taga ko ɗaya. Tayil ne daga ƙasa har sama, ga famfo, ga ƙofa mai kama jikinta da kyau.

Ta miƙe ta ratsa gwiwoyin mutane ta isa wajen Silke, ta sunkuya.

"Silke, da gaske ba kya tsoronta?"

"Wa?"

"Promaya."

"Ilhana, don Allah kar mu koma..."

"Ba faɗa nake nema ba. Aiki zan ba ki. Zan shiga banɗaki da yara in rufe. Kina jin na ce 'yanzu', ki buɗe komai. Baranda, kicin, ɗakin kwana, ƙofar gida, duka. Ki kore min zafin nan. In gida ya huce ki rufe, ki ƙwanƙwasa mana."

Idanun Silke suka yi haske kamar an ce mata ta ci gasa. Shekara da shekaru tana zuwa gidan nan tana kallon tagogin nan kamar mai azumi a gaban tire.

"Duka?"

"Duka. Amma sai na ce 'yanzu'."

Ilhana ta kamo hannun Esma, ta tsaya a tsakiyar falo ta ɗaga murya. "Jama'a, ku yi haƙuri. Yaron nan zafi ya yi masa yawa. Za a buɗe gida na ɗan lokaci. Wanda ke so ya sauka ƙasa ya jira a inuwa."

Ba wanda ya ji ta da kyau. Amija Refik ya samo baiti na biyu, ana taya shi da tafi. Nana na kicin tana juya gahawa. Ilhana ta ce a ranta ta dai faɗa, ta shige banɗaki, ta ɗora Esma a kan injin wanki, ta tura ƙofa, ta toshe ƙasanta da tawul.

"Yanzu!"

Ta ji takun Silke, da sauri kamar soja. Ƙarar ƙofar baranda. Ƙarar tagar kicin. Waƙa ta yanke a tsakiyar kalma. Sannan muryar Tetka Hasiba ta tsaga gidan:

"Promayaaa!"

Abin da ya biyo baya Ilhana da kunne ta gan shi. Kujeru suka faɗi. Wani ya taka tire. Rabin baƙin suka yi matakala da takalma a hannu. Sauran kuwa, tsofaffin da gwiwa ba za ta kai su ƙasa ba, suka tuna abin da ita ma ta tuna: ɗaki ɗaya ne a gidan ba shi da taga.

Aka turo ƙofar banɗaki, tawul ya yi gefe. Nana ce a gaba, ɗankwali a ja har hanci, tukunyar gahawa a hannu. Tetka Hasiba a bayanta ta toshe kunnuwa biyu da tafukanta. Sai Zlata. Sai Amija Refik ya rufe wuya da ƙyallen teburi, bai kuma saki farantinsa ba.

"Ku rufe! Ku rufe!" Ilhana ta yi tsawa, ta juya ta kare Tarik da bayanta.

Har an kusa rufewa wata ƙafa ta tokare ƙofar. Senad ne, ƙato guda, ya shigo a karkace yana haki.

"Kai ma?" in ji Amija Refik. "Ina Jamusancin?"

"Amija, ta can daban, ta nan daban. Ta nan ta san ni."

Daga waje aka ji Silke: "Senad! Kana ina? Zo ka riƙe min ƙofar ɗaki!"

"Ina duba Mama!" ya amsa, ya murɗa makulli.

Banɗakin nan in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya ce wa ɗaya gafara. Yanzu ga manya shida da yara biyu. Tetka Hasiba ta haye cikin bahon wanka ta zauna, jakarta a cinya, kamar mai jiran bas. Zlata ta bi ta ta tsaya a kanta tana riƙe da igiyar shanya. Amija Refik ya sauke murfin masai ya zauna, ya ce a shekarunsa ya cancanci kujera. Senad ya jingina da ƙofa ya cike ta. Nana kuwa turereniya ta kai ta lungu tsakanin injin wanki da bango, ta maƙale, hannu ɗaya a sama da tukunyar gahawa, ɗaya a danne a bayan Senad.

"Ko lokacin yaƙi ba mu matsu haka a ɗakin ƙasa ba," in ji Zlata.

"Lokacin yaƙi ba ki kai haka faɗi ba," in ji Tetka daga cikin baho.

"Ji mai magana! Wa ya cika bahon?"

"Refik, ɗauke gwiwarka daga haƙarƙarina."

"Ba gwiwata ba ce, Fikreta, farantina ne."

"Mama, Tetka wanka za ta yi da kaya?" in ji Esma daga kan injin wanki.

Shi ke nan, aka ɓarke. Zlata ta yi dariya har igiyar shanya ta tsinke, wandunan jariri suka zubo wa Tetka a ka. Amija Refik ya ƙware da pita, Senad ya rasa hannun da zai bubbuga masa baya, sai ya yi da goshi. Ita kanta Nana kafaɗunta na rawa a lungu, tana cewa, "Ku daina, gahawa za ta zube, ku daina don Allah."

Ilhana kaɗai ba ta da lokacin dariya. Mafakar da ta samo wa ɗanta ta cika da numfashin mutane, madubi har ya fara yin hazo. Amma tana gaban famfo, hannayenta biyu a sake, ta kuma lura da wani abu: duk faɗin ɗakin babu mai iya miƙo hannu ya kai gare ta.

Ta shimfiɗa tawul a kwanon wanke hannu ta kwantar da Tarik. Ta cire hula.

"Ilhana," in ji Nana.

Ta cire safa. Ta ɓalle rigar mai ƙafafu.

"Ilhana! Me nake gani? Senad, matsa in wuce!"

"Mama, in na matsa ina zan je?"

Riga ta fita. Singileti ya fita, jiƙe kamar an tsamo shi a ruwa. Ƙirjin yaron da wuyansa duk ƙananan ƙuraje ja. Ilhana ta buɗe famfo, ta gwada ruwan a gwiwar hannunta har ya zama ba sanyi ba zafi, ta jiƙa ɗan ƙyalle ta fara shafa masa: goshi, bayan wuya, hammata, tafin ƙafa.

"Ruwa! Ta sa masa ruwa! Hasiba, kina kusa, kama hannunta!"

"Da me? An binne ni da wanduna."

"Mama," in ji Ilhana, ba ta ko waiwaya ba, hannunta bai tsaya ba, "nan babu taga. Ƙofa a kulle, Senad ya toshe ta fiye da bulo. Ku faɗa min ta inda za ta shigo, in mayar masa da kayan yanzun nan."

Nana ta buɗe baki. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi ramin makulli.

"Ramin makulli," ta ce.

Senad ya sa babban yatsa ya toshe.

Daga waje gidan ya zama filin daga. Labule na kaɗawa kamar tuta, takardun goge baki na shawagi, wani abu ya gangara ya fashe. Suna jin Silke tana ba da umarni, suna jin Mirnes, wanda bai samu gurbi a banɗaki ba, yana cewa, "Na riƙe! Na riƙe ta gida! Wa zai riƙe ta falo?" Ba wanda ya riƙe ta falo. Sai ji suka yi garam! Sannan tartsatsin gilashi a kan tayil.

Kowa a banɗaki ya kasa kunne.

"Kun ji ko?" in ji Amija Refik cikin raɗa, da wani irin jin daɗi. "Abin da babu shi ya fasa ƙofa."

"Ba wanda ya ji ciwo!" Silke ta ƙwala daga waje. "Gilashi ne kawai!"

"Gilashi ne kawai," Tetka ta maimaita. "Ƙofar da aka sa tun zamanin Yugoslaviya."

Ana cikin haka ne Tarik ya ja dogon numfashi, ya murtuke fuska, ya tsala kuka. Kuka na gaske, mai ƙarfi, irin na wanda aka ɓata wa rai yana kuma da ƙarfin faɗa. Ilhana ba ta taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ta ɗauke shi daga shi sai nafkin, ta ce, "Maza, ku dubi bango." Amija Refik ya rufe fuska da ƙyallen teburi, Senad ya kafa goshi a ƙofa. Ta sa shi a nono. Ya kama kamar mai bin bashi, yana haɗiya ana ji, ɗan hannunsa na dukan ƙirjinta.

Ta jingina da Zlata, sai ga dariyar da ta ɗauke mata tun ɗazu ta ɓalle, ta haɗu da kuka, ta rasa wanne take yi. Esma ta leƙo daga kan injin wanki tana shafa mata gashi.

"Yana sha?" in ji Nana daga lungu. Ba ta iya hangowa.

"Yana sha, Mama."

"Da kyau?"

"Kamar Senad a gaban pita."

"To." Nana ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Wani ya karɓi gahawar nan, hannuna ya mutu."

Da Silke ta ƙwanƙwasa ta rantse da duk abin da ta sani cewa komai a rufe yake, sai da aka yi shawara kafin a buɗe. Aka fara tura Senad, tunda shi ne mai mata a waje. Ya leƙa, ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama, ya ce lafiya. Aka fito ɗaya bayan ɗaya, Tetka sai da mutum biyu suka ciro ta.

Gidan ya yi kaca-kaca. Hoton Esma ya faɗo, rigar iyakwandishan ta tafi baranda ta rataye a eriyar maƙwabta, gilashin ƙofar falo na tsibi a kan shebur. Amma iskar ciki ta sauya, mutum na iya jan numfashi har ƙasan huhu. Silke na tsaye da tsintsiya, gashi a hargitse, fuska na sheƙi kamar amarya. Mirnes kuma na jingine da ƙofar gida inda ya tsaya tun farko, a tsakiyar hanyar promaya, da rigarsa jiƙaƙƙiya.

Nana ta zo ta tsaya a kan Ilhana. Tarik ya yi barci da nono a baki, jan fuskarsa ya sauka. Tsohuwar ta zura yatsu biyu bayan wuyansa, ta daɗe ba ta cire ba. Ilhana ta shirya wa faɗa.

"Ko safa ce a sa masa," in ji Nana a hankali.

"Singileti, Mama. Busasshe. Safa sai magariba."

"Ƙafa ɗaya."

"Mama."

"To, na ji. Ai ɗanki ne." Ta juya ga Silke, ta dube ta sama da ƙasa tana neman inda abin ya taɓa. "Ke ba kya jin komai? Wuya? Kunne?"

"Garau nake, Mama."

"Ba ta gane ki ba ne. Baƙuwa ce ke. Ki ƙara shekara biyu."

Washegari Tarik ya tashi da yunwa da faɗa, ƙurajen sun fara bajewa. Silke ta tashi garau, har ta fita gudu a bakin kogi. Mirnes ne ya kasa sauko da ƙafa daga gado. Wuyansa ya ƙage ya karkata hagu, in Ilhana ta kira shi daga dama sai ya juyo da jiki gaba ɗaya kamar kabad. Silke ta ce ai riƙon ƙofa ne, tsoka ce ta gaji. Nana ta zo da tawul mai zafi da man shafawa mai yaji, tana murza masa yana ihu, fuskarta cike da tausayi da kuma wani abu mai kama da murna. Kwana uku yana kallon duniya ta gefe ɗaya.

Saboda haka, ke mai jariri a hannu, ki ji da kyau. In zafi ya yi zafi, kar ki tsaya kallon fuskar surukarki, ki sa yatsu a bayan wuyan ɗanki, in ya jiƙe ki rage masa kaya ko duniya za ta tashi, in kuma ya ci gaba da ƙin nono ki nufi asibiti, arba'in ko ba arba'in. Kai kuma da kake karanta wannan kana murmushi, kana cewa iska ce kawai, ban hana ka buɗe tagoginka ba. Amma ka fara tambaya ina jariri yake, ka sa kujera ka tokare ƙofa mai gilashi, kuma ko me za a ba ka, kar ka tsaya a tsakani da jiƙaƙƙiyar riga.